Sitikar Injiniya Daudu

Sati uku Daudu ya yi a kasuwar waya a Kano, biyu daga ciki yana tsaron shagon wani abokinsa da ya tafi biki. Da ya tashi dawowa Kazaure sai ya dawo da sunan Injiniya, da jaka cike da sukundireba, da farar rigar likita da ya ara wurin wani mai kemis na nan garin, da sitika kwali guda. Kowace sitika ta kai faɗin tafin hannu biyu. Ga hotonsa ya riƙe haɓa yana kallon sama, a ƙasa an rubuta da jan fenti: INJINIYA DAUDU, LIKITAN NA'URA.

Kafin wata ya zagayo babu inda fuskar Daudu ba ta shiga ba. Tankin 'yan acaɓa, butocin masallaci, kurar masu ruwa, murfin tukunyar mai shayi. An ce har wani jaki an gani ya nufi Roni da ita a cinya.

Ranar Alhamis da ƙarfe uku zai buɗe shagonsa, ya riga ya yi hayar lasifika da kujeru. Shirinsa shi ne a gaban jama'a zai tayar da na'urar da ta mutu, a ɗauki bidiyo, labari ya kai Gwiwa da 'Yankwashi da Babura, har mutanen Nijar su riƙa tsallakowa da rediyoyinsu. Abu ɗaya kawai ya rasa, majinyaci. Tun da ya buɗe wayarsa don ya ƙara mata gudu, ta yi shiru har yau, babu wanda ya yarda ya ba shi ko tocila.

Sai Allah ya kawo masa kwamfutar Ikilima.

Ikilima 'yar kawunsa ce, Malam Muhammadu Lawal. Taubasai ne ita da Daudu, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ƙyanda ce ta tafi da idonta tana shekara bakwai. Kwamfutarta tana da murya a ciki, muryar wata Baturiya da take karanta mata duk abin da yake kan allo da duk kalmar da aka rubuta. Hausa ma tana karantawa, sai dai da karkataccen harshe, amma ana ganewa. Ikilima ta liƙa 'yan ƙananan duwatsun ado a kan wasu maɓallai don yatsunta su san hanya. Kwamfutar kuma tana zaune ne cikin wani ɗan akwatin katako marar murfi da Ashiru kafinta ya ƙera mata don kada a ture ta. Ya huda ƙasan akwatin daidai wurin da na'urar take shaƙar iska. Sau huɗu ya zo gwada wannan huji, alhali gwaji ɗaya ya ishe shi.

A wannan Alhamis ɗin, da ƙarfe huɗu da rabi, wata cibiya ta koyar da makafi a Kano za ta yi mata intabiyu ta bidiyo. Malamar kwamfuta suke nema. Sun ce a kan tata na'urar suke so su ga tana aiki, kuma wanda ya makara an wuce shi. Shekara biyu tana jiran irin wannan rana.

Ranar Laraba da hantsi Daudu ya zo gaida kawunsa. Ikilima ta tashi ta shiga kicin. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ciro kwamfutar daga akwatinta, ya kifa ta. Ya ga wani wuri mai raga-raga da bai yi masa kyau ba, sai ya shafe shi da sitikar fuskarsa, ya danne gefe da gefe da babban yatsa, ya mayar da ita yadda take. A ransa ya ce, idan ta samu aikin nan ai talla ta kai Kano kyauta.

Da safiyar Alhamis, ga zafin bazara tun ƙarfe tara, kwamfuta ta fara ɗaukewa.

"Sau uku ke nan, Baba," in ji Ikilima. "Minti goma sha biyar take yi ta mutu. Saurara ka ji, fankar cikinta nishi take yi. Wani abu ne ya hana ta iska."

Ta miƙa hannu za ta ciro ta daga akwatin ke nan, sai ga sallamar Daudu, ya zo gayyatar buɗe shago, farar riga har gwiwa.

"Kada ki taɓa! Kawu, hana ta! Ba a jijjiga majinyaci!"

Ya yi wuf ya sure kwamfutar ya rungume.

"Yaya Daudu, ba ni abata. Ƙasanta kawai zan shafa."

"Shafa? Ka ji ko, Kawu? Na'urar Turawa ce za a gyara da shafa kamar ana neman ƙwai a akurki?"

Malam Muhammadu Lawal mutum ne mai son zumunci, kuma ɗan ƙanwarsa bai taɓa yin laifi a idonsa ba. Ya ce, "Ke Ikilima, bar wa mai ido ya duba."

"Baba, idon nan ne fa ya duba wayarsa."

"Taubasantaka ce, Kawu, kada ka kula ta."

Ya kunna. Baturiya ta fara karanta abin da yake kan allo. Daudu ya ja da baya, ya nuna ta da sukundireba.

"Ga cutar nan a fili. Surutu! Ko mutum ne ya wuni yana zuba haka ai sai ya suma."

"To kai yaya aka yi ba ka taɓa suma ba?"

"Ki sa ta yi shiru, zan yi bincike."

Ikilima ta laluba jakarta, ta ciro iyafis ɗinta marar waya, ta cusa shi a kunne a ƙarƙashin hijabi, ta kunna. Nan take muryar ta bar kwamfuta ta koma kunnenta ita kaɗai. A daidai lokacin kuwa Daudu ya ƙwanƙwasa murfin da gaɓar yatsa.

"Kun gani? Bugu ɗaya! Kawu, kai shaida ne."

Sai ya juya musu baya, ya baza farar rigarsa ya kare allon, wai kada makauniya ta leƙa. Ya shiga rubutu da yatsa ɗaya, yana shan intanet ɗin wayar Ikilima. A kunnenta Baturiya ta ce, kalma bayan kalma: "Me. Yake. Sa. Kwamfuta. Mutuwa."

"Baba, wallahi tambayar intanet yake yi. Bai san komai ba."

"Kina ganinsa ne?"

"Ina jinsa."

Malam ya yi dariya har ya riƙe gemu. "Ku dai da tsokanar nan taku, har ku tsufa."

Ta buɗe baki za ta yi bayanin iyafis, sai ta fasa. Idan Daudu ya san da shi, zai karɓe ya ce shi ma zai gyara. Ta ɗauki waya ta kira Ashiru. Yana Gwiwa yana kafa ƙofa, ya ce da ya ɗaura sakata zai hau babur.

Kwamfuta ta sake ɗaukewa. Daudu ya ɗora mata bayan hannu.

"Zazzaɓi ne. Sanyi take buƙata. Mu je gidan Inna Saude."

Inna Saude maƙwabciyarsu ce, zoɓo da kunun aya take sayarwa, tana da firiza mai aiki da sola, kuma ba ta taɓa riƙe magana a ciki ba. Daudu ya shiga gaba da kwamfuta a hammata, Ikilima na biye da sandarta, Malam na biye da carbinsa.

"A firizata?" in ji Inna Saude. "Cikin abin shan mutane? Kai Daudu, wannan rigar ba ta mai kemis ɗin bakin titi ba ce? Ga tabon jan maganin nan a aljihu."

"Inna, a Kano haka ake yi."

"A Kano ma akwai mahaukata."

Ikilima ta ga ba makawa, ta ce a nannaɗe ta cikin leda biyu, kuma kada ta wuce minti goma. Daudu ya ce dama abin da zai ce ke nan. Ya sunkuya cikin firiza don ya gyara mata kwanciya, ya dogara da ƙirjinsa a kan ƙullin zoɓo. Uku suka fashe lokaci guda. Ya ɗago, farar riga ta yi ja daga wuya zuwa cibiya.

Matan da suka zo sayen kunu suka kwashe da dariya. Inna Saude ta leƙa kan katanga ta ƙwala wa maƙwabta kira: "Ku zo ku ga Injiniya ya yi tiyata!"

Abin haushin, da aka fito da kwamfutar ta huce aka kunna, sai ta zarce minti goma sha biyar ba ta mutu ba. Daudu ya hau kan turmi.

"Jama'a, kun gani da idonku! Ƙanwata, ke kuma kin ji da kunnenki. Ina jiran godiya."

"Fankar tana nan tana nishi, Yaya Daudu. Sanyin ne bai gama fita ba."

Ya sauko ya baza riga, ya yi ɗan rubutu. Baturiya ta raɗa mata: "Sabulun. Da. Yake. Cire. Zoɓo." Bai kai ga ganin amsa ba allo ya yi baƙi.

"To," in ji shi, "dama na so in tausaya mata. Yanzu sai an buɗe ciki."

Ya karɓi farantin silba wurin Inna Saude, ya zauna a tsakar gida, ya kifa kwamfutar a cinya, ya fara kwance ƙananan notinan ƙasanta. Kowanne ya fita sai ya jefa a faranti, ƙil. Ikilima tana tsaye tana ƙirgawa. Takwas suka fita, murfi ya ƙi ɗagowa. Na taran yana ƙarƙashin sitika, daidai kan hancin Daudu. Ya dubi hancin, hancin ya dube shi. Ba zai iya huda kansa ba.

"Na leƙa ta gefe," ya ce. "Cikin lafiya lau."

Yana faɗin haka, wata jar kazar Inna Saude ta zo ta dubi farantin, ta ga abu ƙanana masu sheƙi, ta sa baki.

"Kaza! Kawu, riƙe wannan, kada ka ba ta!"

Ya danƙa wa Malam kwamfutar, ya bi kaza. Ta shiga ƙarƙashin rumbu, ya bi ta da rarrafe. Ta fito ta haye igiyar shanya, ya yi tsalle ya kamo zanin Inna Saude ya rufto masa a ka. Da zanin a kansa ya ci gaba da gudu, har sai da ƙafarsa ta faɗa kwatami. Kazar ta hau katanga ta tsaya tana kallonsa.

"Baba, don Allah miƙo min ita," in ji Ikilima. "Daƙiƙa goma kawai."

Malam ya dubi abin da yake hannunsa. Ga fuskar ɗan ƙanwarsa a liƙe, sumul, babu ko lanƙwasa. A ransa ya ce yaron nan aikinsa da tsari. A fili ya ce, "Ki yi haƙuri, amana ya ba ni."

Daudu ya dawo yana ɗingishi, ƙafa ɗaya baƙa. "Inna, sai an yanka kazar nan."

"Sai dai a yanka ka. Wannan da take min ƙwai kullum?"

Ya mayar da notinan yana huci. Ikilima ta ce, "Takwas na ji sun sauka a faranti. Bakwai na ji ka ɗaura."

"Ɗayan dama ado ne."

Ya kunna don gwaji, ya baza riga. "Shin. Kaza. Tana. Mutuwa. Idan. Ta. Haɗiye. Ƙarfe." Ikilima ta ciji leɓe. Agogon wayarta ya ce mata ƙarfe ɗaya da kwata. Dariyar da ta taso mata ta koma.

Bayan azahar Daudu ya fito da sabuwar fahimta, kamar a masallaci aka ba shi.

"Na gano. Iska ce ba ta samu."

"Tun ƙarfe tara na faɗa."

"Ke hasashe kika yi. Ni bincike na yi."

Suka ɗunguma bakin titi wurin Bartholomew mai faci, wanda duk garin ake kira Bato. A Kazaure aka haife shi, Hausarsa ta fi ta Daudu daɗi. Yanzu tawagar ta ƙaru, ga Inna Saude da ta ce sai ta ga ƙarshen abin, ga 'yan acaɓa uku da suka bar fasinja.

"Oga Daudu, ni taya nake busawa," in ji Bato. "Iskar injin nan tana tayar da tayar tirela."

"Kai dai kunna. Ni na san ma'auni."

"Malama Ikilima, da yardarki?"

"Babu yardata, Bato. In ma za a busa, ta ƙasa iska take shiga, ba ta sama ba."

"Ka ji ta," in ji Daudu. "Wa ya taɓa shaƙar iska ta ƙasa?"

Ya fizgi tiyo, ya buɗe kwamfutar a kan benci, ya saita bakin tiyo a kan maɓallai, ya matsa. Ƙara ta tashi, fuuu! Maɓallai uku suka yi sama. Ɗaya ya faɗa bahon ruwan da Bato yake neman hujin taya, ɗaya ya shige aljihun wani ɗan acaɓa, na ukun ya sauka a hular Malam. Duwatsun adon Ikilima suka watse cikin yashi. Tiyon ya kuɓuce daga hannun Daudu ya shiga rawa a ƙasa, ya zagayo ya shiga ƙarƙashin farar riga ya kumbura ta, Injiniya ya zama kamar buhun auduga mai ƙafa.

Bato ya kashe inji.

"Datti ya fita," in ji Daudu.

"Maɓallaina ne dattin?" Muryar Ikilima ta canza. "Baba, saura awa biyu. Idan na rasa aikin nan, ba taubasantaka ba ce."

Malam ya cire maɓalli daga hularsa ya juya shi a hannu. Karon farko ke nan da ya dubi Daudu ba da murmushi ba. Daudu ya lura, ya yi maza ya dafa ƙirji a kan zoɓo.

"Kawu, ƙarfe uku, a gaban jama'a. Idan ba ta tashi ba, ka cire ni daga dangi."

Inna Saude ta tattara maɓallan uku ta damƙa wa Ikilima a hannu, ta ce a kunnenta, "Ki bar shi, 'yata. Mutane ya tara wa kansa."

Ƙarfe uku kujeru sun cika a ƙofar shagon. Labarin zoɓo da kaza ya riga ya zagaya, don haka har waɗanda ba a gayyata ba sun zo. Ga lasifika biyu manya a kan ƙarafa. Daudu ya juya rigar likita ciki waje, zoɓon ya ɓullo ta can ma. Ya ɗora kwamfutar a tebur, allonta yana kallonsa, bayanta yana kallon jama'a. Ya jona ta da lasifika, don da ta tashi ya saki kiɗa. Ikilima tana kujerar gaba tsakanin Malam da Inna Saude.

Ya ɗauki makirfo. "Jama'ar Kazaure! Wannan na'ura da kuke gani, likitocin Kano sun sallame ta."

"Ba ta taɓa zuwa Kano ba," in ji Ikilima.

"Da ta je da sun sallame ta. Ku kalli ikon Allah!"

Ya danna. Da yake ta huce, sai ta kunnu. Aka yi tafi. Ya saki kiɗa, lasifika ba ta ce uffan ba, don kiɗan yana can cikin kunnen Ikilima yana dukan ta. Ya murɗa wannan, ya ja wancan. Shiru.

"Ku ba ni minti biyu, gyaran ƙarshe ne."

Ya kashe kiɗan, ya duƙa bayan allo, ya fara rubutu da yatsa ɗaya. Ikilima ta sa hannu a ƙarƙashin hijabi, ta kashe iyafis ɗinta.

Baturiya ta rasa kunnen da za ta shiga, sai ta fito ta lasifika biyu, da ƙarfin da ya tayar da tattabarun kan kwanon shago.

"MOTAR. BABURA. ƘARFE. NAWA. TAKE. TASHI."

Daudu ya daskare. Jama'a suka dubi juna.

"Wannan ƙwayar cutar ce take magana!" ya ce cikin makirfo. "Kada ku saurare ta!"

Ya hau dannan maɓallai da hannu biyu don ya rufe mata baki. Sai ya buɗo jerin tambayoyin da aka yi tun safe, Baturiya kuwa aikinta karatu.

"SHIN KAZA TANA MUTUWA IDAN TA HAƊIYE ƘARFE."

"Kazata!" Inna Saude ta miƙe.

"SABULUN DA YAKE CIRE ZOƁO."

Mai kemis, da yake zaune a layi na biyu, ya ce, "Rigata!"

"ME YAKE SA KWAMFUTA MUTUWA. YADDA AKE BUƊE KWAMFUTA GA WANDA BAI TAƁA BUƊEWA BA."

Wani ɗan acaɓa ya zame daga kujera. Bato ya zauna a ƙasa yana dukan cinya. Wanda Daudu ya ɗauka ya yi masa bidiyo bai sauke waya ba, sai ma ya matso. Daudu ya finciko wayar lasifika, muryar ta koma ƙaramin bakin kwamfutar ta ci gaba da karatu. Ya kifa murfin, ya zauna a kai.

"Sauka," in ji Malam Muhammadu Lawal. Bai ɗaga murya ba.

Daudu ya sauka. Malam ya ɗauki kwamfutar da hannu biyu ya ɗora a cinyar 'yarsa. "Ga ta. Shafa."

Ikilima ta kifa ta. Zafi kamar an sauke daga murhu. Yatsunta suka bi gefe, suka wuce ramin notin da kaza ta ci, suka zo inda raga ya kamata ta kasance, suka tarar da wani abu mai santsi. Ta tsaya.

"Inna, mene ne wannan?"

"Fuskar Daudu ce mana. Ai tun safe muke ganinta."

"Tun safe kuke ganinta?"

"To ina ne babu ita? Har a butata akwai."

Ikilima ta sa farce a kusurwa ta ja. Sitika ta taso da ƙara, kiiii, Injiniya ya rabu biyu daga goshi zuwa haɓa. Ta kunna. Ta kara kuncinta a gefen na'urar, iska mai ɗumi ta huro mata, fanka ta sauke numfashi ta koma 'yar ƙarar da ta saba.

"Shi ke nan," ta ce. "Hancinta aka toshe."

Daidai nan babur ya tsaya. Ashiru ne, garin katako har a gira, ya biya ta gida ya ɗauko akwatin. Ya durƙusa ya ajiye shi a tebur, ya laluba aljihu ya zaɓo noti ɗaya daidai ramin, ya ɗaura. Ikilima ta mayar da maɓallanta uku da yatsa, ƙas, ƙas, ƙas.

"Duwatsuna sun zube a wurin Bato," ta ce a hankali.

Ashiru ya ciro kwalbar gam, ya ɗiga ɗigo ɗaya ɗaya da tsinken ashana a kan maɓallai shida. Bai tambaye ta waɗanne ba.

"Ka san wurarensu?"

"Na gani," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ranar da na zo gwada huji."

"Wanne daga cikin huɗun?" in ji Inna Saude.

Aka kira la'asar. Da aka idar babu lokacin komawa gida, shagon Daudu kuwa akwai inuwa da wutar sola, kuma babu kaya a ciki balle su yi hayaniya. Nan aka shigar da tebur. Inna Saude ta tsaya a ƙofa da muciyar da ba a san inda ta samo ba, jama'a suka yi tsit a waje suna leƙe ta taga.

Ƙarfe huɗu da rabi kira ya shigo. Minti goma sha biyar suka wuce, kwamfuta tana aiki. Ashirin. Talatin. Ikilima ta rubuta wasiƙa, ta buɗe darasin da ta shirya, ta amsa abin da aka tambaye ta. Can sai wata mata daga cikin masu intabiyun ta ce, "Tambaya ta ƙarshe, Malama. Ɗalibinki ba ya gani, kwamfutarsa tana ta ɗaukewa. Me za ki koya masa ya yi?"

"Ya fara saurarar fanka," in ji Ikilima. "Sannan ya taɓa ya ji inda zafi yake. Sannan ya kifa ta ya shafa mashigar iska da hannunsa, kada ya bar wa kowa. Mai ido yana iya wuni yana kallon abu bai gan shi ba."

"Kamar kin taɓa gamuwa da haka."

"Yau ɗin nan, Hajiya."

Aka ji suna magana ƙasa-ƙasa a can. Sannan matar ta ce ta zo ranar Litinin da takardunta.

Guɗar Inna Saude sai da ta fi lasifika ƙara. Malam ya juya baya yana goge ido da hannun riga. Ashiru ya sunkuya yana gyara ƙafar teburin da lafiyarta ƙalau.

Sai ga Daudu ya ɓullo daga bayan shago inda ya ɓuya, ya hau kujera.

"Jama'a, ku dai ku shaida! A shagon wa aka samu aikin nan? Wa ya sanyaya ta? Wa ya busa ta? Ai ni na san sitikar ce tun farko, gwada ƙanwata nake yi in ga ko ta cancanta. Kuma duk mai son na'urarsa ta..."

Malam ya miƙa hannu ya karɓi rabin sitikar da ya rage a hannun Ikilima. Har yanzu da sauran danƙo. Ya jawo ɗan ƙanwarsa ta wuyan riga, ya liƙa masa ita a baki, ya danne gefe da gefe da babban yatsa.

Ikilima ta karkata kai tana saurare. Ta ciro wayarta.

"Bato, riƙe min agogo," ta ce. "Mu ga ko shi zai kai minti goma sha biyar."